Ƙasar da ta Gangara Gonar Daudu

Da safe bayan ruwan Laraba, Alhaji Babagana ya shiga gonarsa ta mangwaro a gindin dutse, gabas da Roni, ya tarar an yi masa ɓarna. Wake mai yaɗo da ya shuka tsakanin bishiyoyi don ya riƙe ƙasa, an tuge shi. Ruwa ya samu hanya, ya kwashe ƙasa, ya bar saiwoyin mangwaro tsirara.

Kafin hantsi unguwa ta yanke hukunci, kamar yadda ta saba. Shanun Lauwali ne, Bafulatanin da rugarsa ke bayan dutsen. Mai unguwa ya ba shi zuwa Juma'a ya tashi.

Sajan Ashiru ya zo a kan babur. Ya tsufa a aikin, kuma ya gaji da irin wannan ƙara. Ya zaga gonar, sannan ya sa aka kira Lauwali.

"Ina shanunka suka yi kiwo?"

"Bayan dutse, yallaɓai. Amma wa zai yarda?"

Sajan ya ɗaga tushen wake ɗaya. "Saniya na cin ganye, ba ta tuge saiwa ta karkaɗe. Ba sawun kofato, ba kashi. Je ka."

Wani cikin 'yan kallo ya ce ko Shatu ce, mai sayar da harawa, ga ta nan tsaye.

Shatu ta riƙe haɓa. "Harawa da damina, ɗan nan? Ciyawa har ƙofar ɗaki, wa zai saya? Ko tunkiyata sai ta yi min dariya."

Gaskiyarta. Waken ma ga shi an watsar a kwari yana ruɓewa. Ba cinsa aka yi ba, ba sayarwa.

Sajan ya hau dutse da kyar, gwiwa na ciwo, ya duba ƙasa. Ashe ba duk gonar aka taɓa ba. Layi ɗaya aka tuge, daga sama har ƙasa, daidai inda ruwa ke bi. Ya bi layin da ƙafa. Ya ƙare a gonar geron Malam Daudu, inda aka jera sababbin duwatsu, baƙar ƙasa ta taru a bayansu lafiya lau.

Sajan ya sa aka kira tsohon. "Baba Daudu, yaushe ka jera waɗannan?"

"Satin jiya."

"Kafin ruwa ke nan. Tun da Alhaji ya shuka wake ƙasa ta daina gangarowa. Me ka jera duwatsu ka tara?"

Sajan ya nuna masa layin da aka tuge.

"Wanda ya tare ƙasa kafin ta zo, ya san za ta zo," in ji Sajan. "Kai ka buɗe mata hanya."

Tsohon ya zauna a kan kunya. "Tun zamanin ubana ƙasar nan ke sauko mana kowace damina. Ban taɓa sayen taki ba. Ya zo da wakensa ya kulle ta. Dubi gerona, ko gwiwa bai kai ba."

"Kana tsaye aka ce Lauwali ya tashi."

"Ina tsaye."

"Ka ce wani abu?"

"Ban ce ba."

Abin da ya fi ɓata wa Sajan rai ke nan. Yunwa kan sa mutum ɓarna, amma ba ita ke kulle baki ana korar maƙwabci ba.

Da la'asar Sajan ya je ruga da kansa. Ya tarar Lauwali na ɗaure kaya a bayan bijimi, matarsa na naɗe tabarmi.

"Sauke kayanka. An gano mai laifi, mai unguwa ya janye maganarsa."

"Na gode, yallaɓai." Ya ci gaba da jan igiya.

"Ba ka ji ni ba ne?"

"Na ji. Yau kai ka zo, ka sunkuya ka duba ƙasa. Baɗi in an canja maka wurin aiki, wa zai sunkuya?"

 Sai Sajan ya kama masa ɗaya bakin igiyar.