Sitiyarin Motar Labbo

Shekarar da abin ya faru ta ɓace mini, haka nan sunan unguwar. Na dai riƙe cewa a Ƙaura Namoda ne, ina baƙo a zauren wani almajirina, kuma gero ya fara fitar da kai.

Maƙwabcinmu Labbo, mai sayar da hatsi, ya sayo wata tsohuwar Bosuwaja a Dauran, 'yar ƙaramar motar nan mai doro. Ta shekara da shekaru a gindin wata tsamiya ba wanda ya taɓa ta. Aka jawo ta har ƙofar gidansa. Injin ya gyaru, sai sitiyarin da ya tsattsage, Labbo ya ce a sa sabo.

Da la'asar sakaliya Armiya'u makanike ya zo. Ya cire wayar batir, ya miƙar da tayoyin gaba, ya ɓalle murfin hon, ya ja alama da ƙusa don sabon ya zauna daidai. Ya sassauta babban noti amma bai zare shi duka ba, kada sitiyarin ya fizgo ya fasa masa baki. Ya girgiza, ya bubbuga. Tsatsa ta riƙe.

"Alhaji, mu ɗiga mashi mai ya kwana," in ji Armiya'u. "Magariba ta yi."

"Kai dai raggo ne," in ji Labbo.

Ya shiga gida ya ɗebo ruwan da matarsa Balaraba ta tafasa don tuwo, ya kwarara cikin ramin sitiyarin, ba bisimilla. Wani ɗan kuka ya fito, siriri, kamar na jaririn mage. Sitiyarin ya saki da kansa. Armiya'u ya ɗaura sabon sitiyarin, ya tafi bai waiwayo ba.

Washegari da faɗuwar rana duwatsu suka fara sauka a kan kwanon gidan. Sai hon ya riƙa kuka, alhali ba a mayar da wayar batir ba. Daga nan abin ya koma kan Asiya, 'yar Labbo, wadda ke karatu a makarantar sakandare. Tana tankaɗe ta kurma ihu, hannuwanta biyu suka yi bororo kamar an tsoma su a tafasasshen ruwa, ga shi ba ta kusanci wuta ba. Kullum magariba ƙunar sai ta ƙara hawa. Da ta kai gwiwar hannu aka aika garin Jangeru a ɗauko Malam Jibrin mai ruƙiyya.

Malam ya zauna kusa da kan yarinyar yana karatu a hankali. Can Asiya ta tashi zaune, murya ta fito daga bakinta, ta tsohuwar mace.

"Malam, bar ƙona ni. An riga an ƙona min wanda ya fi ni."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Mai motar da sunka jawo, gidana ce. Ɗana na barci cikin ramin ƙarfen nan. Mi munka yi musu? Ko sallama sunka yi?"

"Bai san kuna ciki ba."

"Shi ya sa aka ce ku ambaci Allah, mu ji mu kauce! Ɗa da ɗa, Malam. Ɗiyarshi nika so."

Malam Jibrin ya ce yarinya ba ta zuba ruwa ba, kuma Allah bai ɗora wa wani laifin wani. Ya ci gaba da karatu har muryar ta dushe. Ta ce to, ta bar rai, amma hannuwan biyu nata ne. Malam ya ce ko farce ɗaya bai yarda ba.

Labbo na tsugune a bakin ƙofa, hawaye na bin gemunsa. Ya miƙa hannunsa na dama.

"Wanga ne ya zuba. Ki ɗauka, ki sakar min ɗiya."

Malam ya daka masa tsawa, amma magana ta riga ta fita.

"Na karɓa," in ji muryar. "Amma shi zai maida min tsohon ƙarfen, kabarin ɗana ne. Sannan a kai ni tsamiyata."

Asiya ta yi atishawa ta koma kwance, gumi ya jiƙe ta.

Da safe Armiya'u ya cire sabon sitiyarin ya koma gefe. Labbo ya ɗauko tsohon, ya yi bisimilla, ya zura shi, ya ɗaure notin da hannunsa na dama har ya kama. Aka ja motar zuwa Dauran. Duwatsu suka daina sauka, hannuwan Asiya suka warke ba tabo.

Na bar garin kafin kaka, kuma na daɗe ina shakkar ragowar abin da mutane ke faɗa. Bayan shekaru na gamu da Labbo a kasuwar Shinkafi. Na miƙa masa hannu, ya sunkuyar da kai, ya ce, "A gafarce ni, Malam," ya ba ni na hagu. Na daman na cikin aljihun rigarsa. Da ya ciro shi na gani da idona: ya bushe tun daga wuyan hannu, kamar reshen da gobara ta bi ta kansa.