Akwatin da Oga Ya Fasa

"Kowa ƙasa! Wanda ya ɗago kai, shi ya so!"

Rana tsaka ce, shagon wayoyi cike da mutane. Oga ya ɗora bindiga a kan kantar shagon, yaran shago suna zuba masa kaya a buhu. Dogo ya tare ƙofa. Dukansu biyu baƙar hula ta rufe musu fuska.

Dogo bai damu da buhun ba, idonsa na kan kyamarar da ke manne a silin. Ya taɓa zaman kurkuku, kuma ranar da ya fito ya rantse wa tsohuwarsa ya shiryu. Ita a saninta dakon kaya yake yi. In fuskarsa ta fito ko sau ɗaya, tasa ta ƙare.

"Hajiya, ina akwatin kyamara?" in ji Oga.

Mai shagon ta nuna durowa da haɓa. Ko gardama ba ta yi ba.

Oga ya fizgo akwatin, ya maka shi da ƙasa, ya bi shi da gindin bindiga har ya yi kaca-kaca. Sai ya juya wa mutanen baya, ya tuɓe hula. Haka suke aikinsu: a fasa akwati, a tuɓe hula, a fita kamar masu sayayya. Wa zai shiga titi da rana fuska a rufe?

Dogo ya tsaya, hannunsa a kan hula. Wata 'yar wuta ja na ƙyaftawa a jikin kyamarar.

"Oga, abin nan fa bai mutu ba."

"Injiniya ya ce ido ne kawai, ƙwaƙwalwar na cikin akwati. Dalla tuɓe mu ware!"

Ya tuɓe, zuciyarsa ba ta so ba.

Injiniya na jiransu a mota. Shi ya kawo aikin, don shi ya haɗa wa shagon kyamarori bara. Mutum ne mai shegen tsafta da murmushi, kuma tun ranar farko jininsa bai haɗu da na Dogo ba.

"Malam, me ya sa wutar kyamara ba ta ɗauke ba?" Dogo ya tambaye shi.

"Ragowar caji ne."

"Ita kuma matar, ta miƙa akwati kamar mai ba da sadaka?"

"Kai fa ka cika zargi. Da hannuna na haɗa kayan nan. Babu kwafi ko'ina."

Ya sauke su a wani kango, ya ce zai kai wayoyin a goge musu lamba, yanzu zai dawo. Dogo ya bi motar da kallo har ta sha kwana. Bai taɓa ganin ɓarawo mai kwanciyar hankali irin wannan ba.

A can shago kuwa, Sufeton 'yan sanda na tsaye kan tarkacen akwatin yana tsaki.

"Sun kashe mana shaida, Hajiya."

"Sun dai kashe guda, yallaɓai." Ta karɓi wayar ƙanenta, ta danna. "Wanda ya haɗa min, Allah ya yi masa albarka, ya ce kada in taɓa ajiye abu a wuri ɗaya. Duk abin da kyamara ta gani yana shiga akwati, yana hawa intanet kai tsaye, kwafi kuma na sauka a kwamfutar gida."

Sufeto ya leƙa. Ga fuskoki biyu tar, ɗaya ma ya ɗaga kai yana kallon kyamara kamar mai ɗaukar hoton fasfo.

La'asar ta yi, Injiniya bai dawo ba. Oga ya kira, waya a kashe. Ya sake kira.

"Ya sayar da mu," in ji Dogo.

"Rufe min baki."

Sai ƙarar birki. Takalman 'yan sanda ta ko'ina!

"Kun shiga hannu! Ku fito!"

Oga ya zabura ya nufi katanga, ya juyo ya saki harbi ɗaya. Aka mayar masa da uku. Ya zame jikin bulo, bai ƙara motsi ba. Dogo ya ɗaga hannuwa sama, ya durƙusa.

A caji ofis Sufeto ya ajiye masa wayar a gaba. Dogo ya kalli kansa yana tuɓe hula.

"Akwai na ukunmu, yallaɓai. Shi ya haɗa kyamarorin."

"Sunansa?"

"Injiniya," in ji Dogo. Iyakar sunan da suka san shi da shi ke nan.

"Babu shi a hoton," in ji Sufeto. "Wanda ya bugo ya kwatanta mana kangon ma bai bar suna ba."

Oga na ɗakin ajiye gawa, kaya sun bi iska, shi kuma shekaru na jiransa. Amma ba wannan ke cin ransa ba.

"Yallaɓai, don girman Allah, a goge wajen fuskata. Ku yi min duk abin da za ku yi, kada dai tsohuwata ta gani."

"In goge wanne? Tun azahar muka watsa shi, yana wayar kowa." Sufeto ya ɗauke wayarsa. "Ta ma zo ɗazu. Ta ce maƙwabta ƙarya suke yi mata, a nuna mata namu. Ta kalla sau biyu."

"Tana waje?"

"Na ce ko za ta gan ka. Ta ce ta gani."