Babu Seli a Gidan Nan

A bas ɗin zuwa garin Gweru Tonderai ya fara ganinta, tana rungume da buhun garin masara kamar jariri. Ya miƙe ya ba ta kujera.

"Mai buhu ba ta da suna ne?"

Ta zauna, ta ɗora buhun a cinya. "Seli."

Cikakken sunanta Celestial. Sai dai a unguwarsu akwai shagon akwatin gawa mai wannan suna, tun tana firamare yara ke bin ta da "Mai akwati, a yi mana ragi!" Tun lokacin ta daina faɗinsa.

Soyayya ta yi nisa. Kullum saƙonsa sai ya shigo: "Seli tawa, yau ma na kasa cin abinci, ke kika ja."

Ita kuma: "Ka ci, dogona, kada danginka su ce ni na ramar da kai."

Ranar neman aure kawunsa ya durƙusa a falo yana tafa hannu cikin ladabi. Baba Chikwanha, mahaifin Seli, ya yi tambayar da ake yi wa kowa.

"Wacce kuka zo nema cikin 'ya'yana?"

"Seli, Baba."

"Babu Seli a gidan nan. Ku gwada maƙwabta."

Kawu ya juya yana neman mai ceto, babu.

"Yaron da bai san sunan 'yata ba, me ya sani a kanta? Ku tashi."

Seli tana kicin ta ji komai. Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Mahaifiyarta ta shigo, ta sauke tukunyar da ke shirin ƙonewa, sannan ta zauna.

"Kunyar sunan kike ji?"

"Mama, yara ne suka..."

"Na sani. 'Ya'ya biyu na binne kafin ke. Da cikinki na ji kalmar a waƙar coci, na tare Fada, limamin cocin, na tambaye shi. Ya ce daga Latin ta samo asali, daga sunan sama, kuma duk abin da ke can, taurari ko mala'iku, da ita ake siffanta shi. Mai shago ya ɗauke ta don masu tafiya can. Ni don wadda aka aiko min na ɗauka."

Yarinyar ta kifa kai a cinyar uwar, ta yi kuka mai isarta. Sannan ta ɗauki waya.

"Na ɓoye maka sunana. Celestial nake. E, kamar shagon nan. In ka fasa ban ga laifinka ba."

Amsa ba ta jima ba: "Kawu na cikin mota yana wanke ni tas. Fasawa kuma? Ki turo min da murya yadda ake faɗinsa, kada mu sake kwafsawa."

Da kanta ta durƙusa gaban Baba ta ce laifinta ne. Ya yanke wa masu neman auren tarar akuya.

Da suka dawo, sai a karo na uku Kawu ya iya furta sunan. Baba ya danne dariya.

"Wannan kam tawa ce. Ku zauna."

Ranar ɗaurin aure Fada ya kira sunan a cike, ta amsa da muryar da ta kai kujerar ƙarshe. Mama ta rangaɗa guɗa tana share ido.

Allah ya ba su zaman lafiya, ya raya abin da za su haifa.