Magariba da Tsakar Rana

Da magariba na tafka kuskuren, a ofishinmu na Dar es Salaam. Farin shafin da nake rubuta manhaja a kai ya ishi idona, sai na ƙara 'yan layuka don shafin ya riƙa komawa baƙi da kansa idan rana ta faɗi. Mu nan daga fitowar rana muke ƙirga awa, magariba sha biyu ce a bakinmu. Sha biyun na rubuta. Na manta kwamfuta ba 'yar garinmu ba ce.

Washegari da tsakar rana ina cin ugali, tuwon masararmu, da kifi a teburina, shafin ya yi baƙi ƙirin.

"Dada Mwanaidi, ke har dare ya yi miki?" in ji Shabani abokin aikina, mai kirana Dada, wato yaya. Ya fita yana dariya.

Ƙofa na rufuwa wari ya taso, irin na kwatar da ruɓaɓɓen kifi ya kwana a ciki. Rana tarwai a taga, amma teburina ya yi duhu.

Ƙarƙashin tebur na ji caɓ, caɓ.

Wani dogon hannu mai yauƙi ya lallaɓo, ya dumbuji ugalina. Ina jin taunar. Ƙazami, ko rufe baki ba ya yi.

"Ba dare ba ne," na raɗa.

"Ke kika ce dare ne," in ji wata murya daga ƙarƙashin tebur.

Faranti ya ƙare. Sai harshe mai sanyi ya naɗe yatsuna na dama, yana lasar miya. Ya wuce miya. Na ji haƙori.

Da hannun hagu na lalubo layin. Maɓallai duk yauƙi, yatsa yana zamewa.

Na goge sha biyu.

Haƙori ya nutse.

Na danna sha takwas, shidan yamma a lissafin kwamfuta.

Shafi ya yi fari. Aka saki hannuna.

Na amayar da duk abin da na ci. Sabulu, toka, lemun tsami, babu wanda ya fitar da warin nan, har yau da cokali nake cin abinci.

Yinin ranar murna nake ta yi na tsira. Sai da ladan ya gyara murya zai kira magariba, wari ya fara tasowa, na rufe kwamfutar na fita ba takalmi. A kan matakala na gane ban kore shi ba. Lokacin cin abinci kawai na canza masa.