Zagaye Uku a Motar Tsere

Zaituna tana durƙushe a falon gidansu na unguwar Madain Fahd a Jidda tana ninke labulayen ɗakin aurenta, sai ta ji hon ɗin Rafi'u daga ƙasa. Wata huɗu ke nan da yi musu milka, wato an ɗaura aure, saura biki da tarewa bayan babbar salla. Mahaifiyarta Inno ta leƙo daga kicin.

"Ga mijinki nan. Ki ce ya hawo, ba a zance a bakin titi kamar marasa gida."

Ya hawo da kayan gareji a jikinsa, bakin nan ya ƙi rufuwa. Ya tsuguna ya gaida Inno, ya jira ta koma kan tukunyarta, sannan ya zaro wata takarda daga aljihu.

"Habibti, sun karɓe ni."

"Su wa?"

"Mutanen Faransa. Wani fili ne a kudancin ƙasar. Ka biya, su koya maka da safe, da rana su saka ka a motar tsere ta gaske, Fomula Wan, mai kujera ɗaya. Zagaye uku, ni kaɗai a ciki."

A Jidda aka haifi Rafi'u, a nan aka haifi ubansa. Kakansa ne ya tako daga Kano ya zo aikin Hajji bai koma ba. Fasfonsa na Najeriya ne, amma bai taɓa ganin ƙasar ba, Hausar ma rabi ce, sauran Larabci. Shekara takwas yana gyara manyan motocin masu kuɗi, iyakarsa da su daga ramin gyara zuwa bakin ƙofar gareji. Kuɗin tafiyar kuma, a faɗi gaskiya, ba na biki ba ne, tun kafin ya san Zaituna yake tara su.

Matsalar ɗaya ce. Mai iƙama, wato takardar zaman baƙo, ba ya fita ƙasar sai da sa hannun kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, kafilin Rafi'u kuwa Kawu Abdulgaffar ne, yayan Inno, mai shagon turare a Balad, tsohon garin Jidda. Shi kaɗai ne a dangi ya samu zama ɗan ƙasa, don haka iƙamar Inno da ta Zaituna da ta Rafi'u duk a ƙarƙashin sunansa suke. Mutum ne mai riƙon zumunci, amma ko ƙwallo aka kunna a gabansa tashi yake.

"Kawu ba zai sa hannu don wasan mota ba," in ji Zaituna.

"Na sani. Zan ce masa Kano za ni, in gaida dangi kafin biki."

"Ƙarya fa ke nan, Rafi'u."

"Kwana goma ne kacal. Wallahi ina dawowa halas, shi ke nan, ba ni ba zancen tsere har abada. Ki bar ni in zama mutum sau ɗaya a rayuwata, ya Zaituna."

Ta dubi idonsa ta ga ƙwalla. Tana sonsa, so mai tsanani, kuma son ne ya rufe mata baki.

Kawu kuwa daɗi ya kashe shi. Ya ce yau ya ga yaron da ya san asalinsa, ya yi masa takardar fita da dawowa ba tare da ja ba. Ranar da ya kawo takardar ya dubi Zaituna yana dariya.

"Ke kin yarda ya tafi Kanon nan, kada 'yan matan can su riƙe shi?"

"Na yarda, Kawu," ta ce, kanta a ƙasa.

Abin da su biyun suka manta shi ne, a unguwarsu ba a zuwa gida hannu rabbana. Kafin kwana uku kowa ya ji Rafi'u za shi Kano. Wannan ta kawo kwalin dabino a kai wa uwarta a Fagge, wancan ya kawo jarkar zamzam, wata ta kawo wasiƙa da abaya. Rafi'u yana karɓa yana cewa insha Allahu, yana jibge su a bayan gareji. Na ƙarshe shi ne saƙon Kawu. Ya zo da kansa, riƙe da wani farin ƙunshi.

"Likkafani ne. Da hannuna na wanke shi da zamzam a Makka. Yayarmu Mariyamu ta tsufa, jikin ya ƙi, kuma abin da ta roƙe ni ke nan shekara biyu. Ka damƙa mata hannu da hannu."

Zaituna ta kasa yarda a ajiye wannan cikin baƙin mai. Ta karɓe shi ta tura ƙarƙashin gadonta, da niyyar in ya dawo su nemi matafiyi na gaske.

Bizar Faransa ta ɓata lokaci, har takardar dawowarsa ta kusa mutuwa kafin ya tashi. Ranarta ta ƙarshe ɗaya ga watan Jimada Awwal. Da ya isa sai ruwa ya sauko, masu filin suka ce motar ba ta hawa jiƙaƙƙen titi da ɗan koyo a ciki, sai ya jira kwana uku. Ya bugo wa Zaituna da rana, muryarsa a sake.

"Kada ki damu, na lissafa. Yau ashirin da bakwai ga watan Rabi'u, na gaba shi ne Jimada Awwal. Ranar talatin in tuƙa, ranar ɗaya ina gabanki."

"Rafi'u, ka haƙura ka taho mana."

"Na zo har nan, ina ganin motar da idona, in juya? Haba dai."

Washegari Mariyamu ta cika a Kano. Kawu ya buga waya yana kuka, ya ce alhamdu lillahi da dai likkafanin ya riske ta. Aka ce masa wane likkafani? Ya ce wanda Rafi'u ya kawo. Aka ce wane ne Rafi'u?

Bayan la'asar ya shigo gidan ko sallama bai gama ba. Inno na zaune kan darduma, idonta ya kumbura.

"Zaituna, ina mijinki?"

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshin, ta ajiye a gabansa ta durƙusa. Inno ta dubi ƙunshin, ta dubi 'yarta.

"A gidana yake? Kwana tara ina taka ɗakin nan, yayata tana can tana jira?"

"Inno, ki yafe mini..."

"Ina mijin naki yake?" Kawu ya sake tambaya.

"Faransa. Ya je tuƙa motar tsere."

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki likkafanin ya rungume a ƙirji, ya sauka.

Rafi'u ya yi tuƙinsa. Da ya je filin jirgi, ma'aikaciyar ta duba takardarsa ta duba na'urarta, ta ce ranar ta wuce tun jiya. Watan Rabi'u na shekarar kwana ashirin da tara ya yi. A Jidda da jarida ko talabijin ta gaya masa, amma a can babu mai ƙirgen wata sai yatsunsa, kuma yatsun sun ba watan kwana talatin. Ranar da yake cikin motar ita ce ranar da ya kamata ya sauka a gida.

Mafita ɗaya ta rage, kafili ya nemi a tsawaita masa. Zaituna ta hau tasi har Balad, ta tarar da Kawu yana auna turaren wuta. Ta durƙusa a tsakiyar shagon, masu saye suna kallo.

"Kawu, kwana ɗaya ne ya makara. Bizarsa ta can ma ta ƙare. Bai san kowa ba a duniya sai nan."

"Ni na tambaye ki da bakina, kika ce kin yarda ya tafi Kano."

"Na yi laifi, Kawu. Ni ka hukunta."

"Ya ce Kano za shi. To, ya je."

Haka kuwa aka yi. Da ragowar kuɗinsa Rafi'u ya sayi tikitin ƙasar da ke rubuce a fasfonsa. Lokacin tsawaitawa ya wuce, aka gaya musu sai bayan shekara uku zai iya neman shigowa. Masu saƙo suka yi ta sintiri zuwa gareji suna kwashe kayansu, dabinon duk ya yi tsutsa. Zaituna ta daina zuwa biki, don tana shiga za a fara, ga matar direban tsere.

Wata shida Inno ba ta yi mata magana sai ta dole. Da ta buɗe baki kuma, cewa ta yi, "Bai taɓa ki ba, ba ku tare ba. Ya aiko da takardarki kawai. Yaron Hamad mai gidan burodi yana tambaya, kuma ɗan ƙasa ne."

"Inno, ƙaryar nan mu biyu muka yi ta. Ba zan bar shi ya biya shi kaɗai ba."

"To ki zauna ki tsufa."

Ta zauna ɗin. Tana yi wa amare lalle, tana jinyar ƙafar Inno. Duk Juma'a ta dafa shinkafa ta kai wa Kawu shago. Shekarar farko ko kallon kwanon ba ya yi, ta biyu ya fara ci. Rafi'u yana bugowa daga Kano, inda ya samu aiki a wani gareji a Ƙofar Ruwa, yara suna yi masa dariyar Hausarsa. Sau ɗaya ya fara ba ta labarin motar, ta kashe wayar. Bai ƙara ba. Shi ne ma ya ce mata, yana kuka, in ta gaji zai sake ta. Ta ce kada ya kuma faɗa.

Da shekara uku ta cika Kawu ya zo gidan da kansa. Ya rame, gemun ya yi fari fat.

"An ce mini duk wata yaron nan yana zuwa kabarin Mariyamu," ya ce. "Na yafe masa, ke ma na yafe miki. Na nema masa biza har sau biyu, an hana, shagona ya yi ƙanƙanta yanzu. Abin da ke hannuna ɗaya ne. In kina son mijinki, zan sa miki hannu a fita ta ƙarshe. Amma ki sani, in kin fita, Jidda ta zama wurin ziyara."

Zaituna ta juya wajen Inno. Tsohuwar ta daɗe tana murza carbi.

"Je ki wurin mijinki," ta ce. "Kin fi ni haƙuri. Ni dai ba zan raka ki filin jirgi ba, ƙafata ba za ta dawo da ni ba."

A Kano ta same shi tsaye a bayan ƙarfen masu tarba, ya yi baƙi ya rame. Ya kama mata jaka, suka shiga tsohuwar motar maigidansa. Tana kallon garin da aka ce nata ne, babu titi ɗaya da ta sani.

"Rafi'u."

"Na'am, habibti."

"Minti nawa ka yi a cikin motar?"

Ya rage gudu, ya gangara gefen titi ya tsaya.

"Shida," ya ce. "Zagayen farko ma tsoro nake ji."

Ta kifa kai a gwiwa ta yi kukan da ta riƙe shekara uku, shi ma yana yi. Da ta gaji ta share fuska ta ce ya ja su tafi gida, ta ga ɗakin.

Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya uku, haƙurin Zaituna bai faɗi ƙasa ba. Amma Inno a waya ta san muryoyin jikokinta, kuma a waya aka gaya wa Zaituna rasuwarta. Sha'awa ba laifi ba ce, 'yan'uwa. Laifin shi ne a yi wa wanda ya amince da kai ƙarya don a kai gare ta, kuma mai son ka da gaske ya kamata ya iya ce maka a'a tun ranar farko.