Iskar Tayoyin Motar Kaka

A bayan gidan su wata yarinya akwai wani tsohon gareji mai ƙofar kwano. Har yau idan ta ji warin man inji, garejin nan take tunawa. A lokacin shekarunta goma, kuma babu abin da take ɗoki kamar safiyar Asabar.

A cikin garejin akwai wata jar motar tsere. Ta Kakanta ce. Gajeriya ce, kamar za ta kwanta a ƙasa, kujerunta biyu kacal. Da ƙuruciyarsa Kaka ya yi tsere da ita, har ya ci kofuna. Yanzu kansa ya yi fari fat, ya daina gasa. Amma sau ɗaya a wata yakan kai ta filin tsere, ya zaga sau uku, don kada su manta da juna.

A jikin bangon garejin an rubuta da farin fenti: gaba talatin, baya ashirin da takwas. Rubutun marigayiya matar Kaka ne. A da ita ce take auna masa iskar tayoyi. Bayan rasuwarta aikin ya dawo hannun jikarsa, domin Kaka yana hangen nesa garau, amma ƙananan lambobin geji, wato ma'aunin iska, sun fi ƙarfin idonsa.

"Injiniya, ina gejinki?" Haka yake kiranta kullum.

"Ga shi, Kaka. Ai na riga ka tashi."

"To, a auna tun taya tana da sanyi. Idan ta yi gudu ta ɗau zafi, iskar cikinta ƙaruwa take yi."

Babanta kuwa hankalinsa ba ya kwanciya da wannan fita. Ya sha cewa, "Baba, girma fa ya zo. Ka huta haka."

Kaka ya yi masa alkawari. Ya ce, "Duk ranar da motar nan ta ƙi jin maganata, zan ba ka makulli, ka sayar da ita."

Wata Juma'a aka yi tseren keke a makaranta. Wata ƙawarta ta ce mata, "Ki cika tayarki da iska tam, za ki ga gudu." Ta cika, ta kuwa zo ta ɗaya. Sai ta dawo gida tana jin ta gano wani babban sirri.

Washegari ranar zuwa filin tsere ce, da sassafe ta shiga gareji ita kaɗai. Ta auna tayoyin gaba, talatin. Ta auna na baya, ashirin da takwas. Ta dubi bango ta taɓe baki.

"Ashirin da takwas? Shi ya sa Kaka ya daina cin kofi," in ji ta.

Ta taɓa jin Kaka ya ce tayoyin baya ne ke tura motar. Sai ta jawo famfon iska, ta dinga takawa da ƙafa har gumi ya keto mata. Ba ta bari ba sai da geji ya nuna arba'in da biyar a kowace tayar baya. Ta ƙwanƙwasa, ta ji sun yi tauri kamar dutse. Daɗi ya kama ta.

Kaka ya shigo yana gyara hula. "Injiniya, komai daidai?"

"Komai daidai, Kaka." Ta ɓoye murmushinta, don so take ta ba shi mamaki.

A filin tsere ita da Babanta suka tsaya a bayan shinge. Kaka ya sa hular kwano, ya ɗaura bel, ya tayar da mota. Ƙarar injin ta cika wurin. Ya miƙe hanya kamar kibiya, yarinya tana tsalle tana tafi.

Da ya iso kwanar farko, sai bayan motar ya zame. Tayoyi suka yi ƙara. Motar ta juya sau ɗaya, ta sake juyawa, ta faɗa cikin ciyawa ta tsaya cik.

Babanta ya ruga da gudu, ita ma ta bi shi. Suka tarar Kaka lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Amma yana zaune, ya ƙura wa hannayensa ido.

"Shekara arba'in ina shan kwanar nan," in ji shi a hankali. "Ba ta taɓa yi mini haka ba. Ashe dai tsufan ya zo."

Ya zare makulli ya miƙa wa ɗansa. "Alkawari kaya ne. Ungo."

Yarinya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Babu wanda ya ga abin da ta yi. Idan ta yi shiru, babu mai yi mata faɗa. Amma za a sayar da motar, Kaka kuma zai zauna yana ganin laifin hannunsa. Ta dubi idonsa, ta ga ya ciko da ƙwalla. Sai ta fashe da kuka.

"Kaka, ba tsufa ba ne! Ni ce! Ni na ƙara wa tayoyin baya iska!"

"Kika ƙara? Har nawa?"

"Arba'in da biyar. Na ɗauka za ta fi gudu, kamar kekena."

Babanta ya ɗaure fuska. "Kin san abin da kika kusa jawowa? Da a ce akwai bango a wurin nan fa?"

"Ka yi haƙuri, Baba. Ban sani ba."

Kaka ya fito daga motar, ya kama hannunta, suka durƙusa gaban tayar baya. Ya buɗe tafin hannunsa.

"Kin ga wannan? Duk girman motar nan, abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai fi tafin hannu ba. Idan iska ta yi yawa, cikin tayar ya kumbura, sai ɗan tsakiya kaɗai ke taka hanya. Da me za ta riƙe kwana? Idan kuma ta yi kaɗan, tayar ta lanƙwashe, ta ɗau zafi. Lambobin bangon gareji ba da ka aka rubuta su ba. Shekara biyu muka yi ni da kakarki, tana aunawa ina zagawa, kafin muka same su."

"Ka yafe mini, Kaka."

"Na yafe, sarkin karambani. Amma gobe idan dabara ta zo miki, ki tambaya tukuna. Matambayi ba ya ɓata."

Suka tura motar inuwa, suka zauna jiran tayoyi su huce. Sannan ta sa geji, ta dinga sassauta iska kaɗan-kaɗan, har allura ta tsaya a kan ashirin da takwas. Ta nuna wa Babanta ya duba da idonsa.

Babanta ya juya makullin a hannunsa. Ya dubi Kaka, ya dubi 'yarsa. Daga nan ya miƙa wa Kaka. "Zagaye ɗaya, Baba. Mu gani."

Kaka ya shiga kwanar nan, motar ta bi ta sumul kamar an ja layi. Ya yi zagaye ɗaya, ya ƙara biyu a kai. Da ya tsaya ya cire hula, yana dariya har da hawaye.

"Wa ya ce na tsufa?" in ji shi.

Shekara huɗu ya ƙara yana tuƙa jar motarsa, ita kuma ba ta sake tsallake lambobin bango ba. Ta koyi cewa komai yana da ma'auni, kuma wanda bai sani ba ya tambaya. Ta koyi cewa idan ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya kafin laifin ya hau kan wani.

Yanzu ta girma. Tsohon gejin yana cikin motarta. Duk safiyar Asabar idan ta durƙusa gaban taya, sai ta ji kamar Kaka na bayanta yana cewa, "Injiniya, komai daidai?"