Taraktar da Ta Ƙi Tsayawa

Ranar Talata, 11 ga Yuni, 2024, an wayi gari da yayyafi a Funtua, rana ba ta fito ba har hantsi.

Ni da ƙanena Awaisu muna gwajin wata ƙaramar tarakta da ake tuƙawa daga nesa ta rediyo, saboda manoman da ke tsoron zuwa gonakinsu na daji. Shi yana zaune da akwatin tuƙi a Maska, ita tana huɗa a gonar wani dattijo Bamaguje mai suna Mati. Doka ɗaya muka dasa mata: da zarar saƙon rediyon ya yanke, ta tsaya cak. Wannan alkawarin na yi wa ƙungiyar manoma, domin kada ta taka ɗan wani.

Wuri ɗaya ne ya dame mu. Akwai wani siririn fili da Mati bai taɓa nomawa ba, daga gindin tsamiya zuwa rafi. Duk sanda taraktar ta iso nan, sai saƙo ya ɗauke.

"Hanyar masu wurin ce, Hajiya," in ji Mati. "Da yamma suke sauka ɗibar ruwa. Ko shanuna tsallakewa suke yi."

"Baba, wannan ba ta iya tsallake ba."

"To, sai ki koya mata," ya ce yana dariya.

Muka kafa eriya mai ƙara ƙarfin saƙo a kan doguwar gora. Saƙo ya zauna daram. Kafin la'asar tarakta ta jera kunyoyi har a kan filin nan.

Gab da magariba na koma ni kaɗai don in cire batirin eriyar. Na cire, na rungume shi, na biyo ta inda filin yake. Ƙasa na ƙanshin ruwa. Kwaɗi na kuka a rafi.

Sai suka yi shiru.

A bayana inji ya tashi.

Na waiga. 'Yar koriyar fitilar taraktar da ke nuna shigowar saƙo tana ci, ko ƙiftawa ba ta yi. Na kira Awaisu a waya.

"Daina wasan nan," na ce a hankali.

"Wane wasa, Yaya? Alwala nake yi. Akwatin yana mota, a kashe."

Batiri yana hannuna. Makullin taraktar yana jakata.

Taraktar ta juyo, ta sauke garma, ta nufo ni. Warin gas ya gauraya da wani ƙamshi kamar na tsohon turaren wuta. Ƙarƙashin rurin inji ina jin wani abu dabam: takun sawu masu yawa, da ƙarar awarwaro, da ƙorai suna gugar juna.

Na ruga wajen rafi. Ta biyo ni.

Laka ta riƙe takalmina. Na faɗi.

Zafin inji ya taɓa bayana.

Dab da kunnena, muryar wata tsohuwa ta ce, "Gafara dai, 'yan mata."

Na mirgina gefe, tsakanin kunyoyi. Garma ta wuce da mayafina. Bayanta wani sanyi ya bi, mai tsawo, kamar ayari.

Da safe muka iske filin a baje sumul, daga tsamiya har rafi. Sauran kunyoyin ko ɗaya ba a taɓa ba. Tarakta tana bakin ruwa, mayafina yana kan murfinta, an ninke shi tsaf.

Mati ya dube shi, bai yi dariya ba.

Tun daga ranar ba na fita da magariba. Wasiƙar da na rubuta wa shugaban ƙungiya, Alhaji Zakariya, ta daɗe a jakata ina jujjuya ta. Na ce masa a dakatar da aikin: mun koya wa injin tsayawa idan ya rasa mai ba shi umarni, amma ba mu san yadda za mu hana shi bin wani ba.

Jiya na kai ta gidan waya.